Taƙi Ɗaya Kowace Damina

Shekara talatin ina gyaran rediyo
a rumfar kwano, bakin tsohuwar kasuwa,
ni Manu, ɗan Jekadafari.

A kan bencina ake duba gobe.
Dikko tela ya rantse da almakashinsa
kaset ne zai binne mu, ya ga jikoki.
Na ce faifai na tafe, mai ƙyallin madubi.
Aka yi dariya har shayi ya zube.
Da faifan ya iso Gombe
ni na sha kirari.

Ran da Jauro ya shigo da wayar hannu,
yana riƙe da ita kamar ɗanyen ƙwai,
na juya ta, na ce: wannan 'yar abar
za ta haɗiye agogo da tocila,
ta haɗiye mai hoton bakin gidan waya.
Ta haɗiye su kuwa,
ta haɗa da rumfata ta yi ƙari.

Duk da haka na ji daɗin sunan:
Manu mai hangen nesa.

Amma a bayan gidana akwai wata 'yar hanyar ruwa.
Dudu, tana shekara biyar,
da ƙafa ɗaya take tsallake ta.
Kowace damina sai ta ci taƙi ɗaya.
Taƙi ɗaya ba labari ba ne.
Rediyo dubu suka bi ta hannuna,
babu wadda ta taɓa faɗin sa
ko a ƙarshen labaran duniya.
Muka zuba shara, muka jera buhun yashi,
muka ce baɗi a yi da wuri.

Ta ci bishiyar maina.
Ta ci makewayin Ardo da dare, ba sallama.
Ta ci wurin da aka binne cibiyata.
Bara akuyar Goggo ta faɗa,
sai da muka ɗaura igiya biyu.
Yanzu ba mai ce mata hanyar ruwa,
sunanta kwari.

Samari sun zo da ƙaramin jirgi mai kukan sauro,
ya yi shawagi bisa rufinmu.
Suka nuna mini gidana a allo,
jan layi ya ratsa ta kan gadona.
Damina huɗu, in ji su.
Na ce: na sani.
Ƙarya nake. Ido na da shi,
nesa kawai na ba shi.

Jiya jikata, 'yar Dudu, ta tambaye ni
ko na'urar nan mai amsa magana
za ta raba su da aiki in sun gama boko.
Na ce wataƙila.
Na miƙa mata igiyar da nake awo,
daga katanga zuwa baki.
Bara ƙulli tara ne.
Ta dawo tana naɗe ta a hannu, ta ce takwas,
kuma hadari ya haɗu ta gabas da gari.