Watan da Rana Ta Ƙi Faɗuwa

A Hammerfest, cikin watan Yuni,
rana ba ta san hanyar gida ba.
Sha ɗayan dare tana zaune bisa teku
kamar baƙuwar da ta manta sallama,
ɗana Sindre kuwa, mai shekara takwas,
yana kwance da matashi a kan fuska.

"Baba, ƙaya ta dawo."
Sunan da ya raɗa mata ke nan.
Da fari wani zare mai walƙiya
yake lanƙwashewa a gefen ganinsa
kamar haƙoran zarto,
rabin fuskata ya ɓace masa,
sannan ganga ta tashi a bayan idon hagu.
Leɓɓa su yi fari fat.
In kawo bokiti. Na haddace jerin.

Likita Eldrid ta ba ni littafi mai shuɗin bango.
Ta ce, rubuta abin da ya ci,
sa'ar da ya kwanta, ruwan da ya sha.
Ciwon ɓarin kai ɓarawo ne mai barin sawu,
sai ka bi.
Ni da nake ƙirga akwatunan kifi a bakin tasha
na koma mai ƙirga kwanaki.

Talata: ya makara, ya fita bai karya ba.
Ƙarfe goma malamarsa ta bugo waya.
Asabar: ƙwallo tun hantsi,
gorar ruwansa ta dawo cike yadda ta tafi.
Bikin haihuwar Aksel: tsiran nama, cakulan,
balan-balan na fashewa,
yara goma sha biyu na ihu a ɗaki guda.
To wanne zan kama?
Na kama cakulan,
na ɗaure shi saman firiji wata biyu cur.
Ƙaya ta zo abinta
wata Laraba da ba ta ci ba, ba ta sha ba.
Na sauko da cakulan, na ba shi haƙuri.

Akwai shafin da na yi wa ƙarya.
Daren da ni da uwarsa muka tsaya a kicin
muna cacar baki ƙasa-ƙasa kan kuɗin gida,
muna zaton bango ba shi da kunne.
Da safe ya fito dafe da kai.
Na rubuta: haske.
Sai bayan kwana uku na soke,
na rubuta: mu.

Kakarsa Borghild ta ɗaga littafin,
ta gyara tabarau, ta daɗe a shafi ɗaya.
Ta ce, ka tuna ranakun da nake shiga ɗaki
in ja labule, in ce kada a taɓa rediyo?
Na tuna. Mun ɗauka fushi take da mu.
Shekara talatin ina bin ta bashin wannan fushi,
ashe ƙaya ce, ita ma,
ta tsallake ni ta sauka kan ɗana.

Yanzu bakwai na yi nake karɓe waya daga hannunsa,
ya kumbura baki, in yi kamar ban gani ba.
In ɗauko baƙin bargo da ƙusoshi huɗu,
in hau kujera,
in ƙera masa dare da hannuna
tunda sama ta hana.
Ta wata 'yar ɓula rana ke leƙowa,
in toshe ta da safa.

Yau ma ta zo, ban san dalili ba.
Ya sha maganinsa, ya yi amai, barci ya ɗauke shi.
Na zauna a ƙasa, tsumma mai sanyi a hannu,
ina jin tsuntsayen teku na faɗa kan rufi.
Ƙarfe huɗu ya buɗe ido ɗaya,
ya gwada shi, ya buɗe ɗayan.
"Baba, akwai burodi da cuku?"

Wannan ma na rubuta.