Mai Juya Takarda

Viyana, daren Laraba.
Dusar ƙanƙara ta toshe bakin taga.
Ni ce ta huɗu a kiɗan mutum uku,
aikina juya takarda a gefen fiyano.

Ottilie ta sa yatsu, farare da baƙaƙe suka amsa.
Wenzel ya kwantar da ƙaramin goge a wuya
kamar mai rarrashin jinjiri.
Tsoho Ignaz ya rungume babban,
muryarsa daga ƙasan rijiya.

A kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya,
na shagala.
Kyandir ya ɗiga a shafi na tara.
Ban juya ba.

Ottilie ko harara.
Ta ci gaba da ka,
goguna biyu suka raka ta
har gida.