Tamanin da Bakwai

Sabis ɗin waya a makarantarmu wuri ɗaya ya sani:
bayan aji huɗu, jikin katangar duwatsu,
inda tumakin Don Fermín ke fakewa in ƙanƙara ta sauko.
Can nake tsayawa bayan an tashi,
hannu a sama kamar mai rantsuwa,
ina lallashin shafi ya buɗe.

Ya buɗe. Darasi mai sauƙi, in ji shi, minti arba'in.
A tanadi tukunyar gilashi, murhun lantarki,
tabarau ga kowane yaro,
ma'aunin zafi goma sha biyu.
Na yi dariya har tunkiya ta ɗago kai.
Can ƙasa, da manyan baƙaƙe:
ruwa na tafasa a digiri ɗari.
Na kwafe a tafin hannu, batir na ta kuka.

Ma'auni ɗaya na samo,
aro daga masu cuku a Ayaviri,
yana warin madara har yanzu.
Doña Basilia ta ba da tukunyar dankali
bisa sharaɗin ta dawo kafin sha ɗaya.
Busasshen kashin shanu ya zama murhu.
Yara ashirin da uku suka yi zobe,
kumatu duk sanyi ya tsattsaga.
Na rubuta ɗari a allo, na ja masa layi biyu,
don na yarda da shi kamar sunana.

Nélida ta riƙe ma'auni, Wilber na kiran lamba.
Sittin.
Saba'in da biyar, ƙananan idanu a gindin tukunya.
Tamanin da bakwai:
ruwa na birgima, yana tsalle, yana tofi,
jan zaren ya tsaya cak.
Muka ƙara wuta. Muka fifita da littafin lissafi.
Ko gezau.

Ma'aunin ya mutu, in ji Wilber.
Wayar Malama ce ta yi ƙarya, in ji Nélida,
ba ta ko kalle ni ba.
Kunnuwana suka fi tukunyar zafi.

Sai Eusebio,
wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba,
ya ce da takalminsa:
gwaggona ta yi aiki a bakin teku,
ta ce can wake ba ya wahalar da mutum,
ruwansu ya fi namu zuciya.

Tukunyata, in ji Doña Basilia daga ƙofa.

Da yamma na koma katanga.
Shafi na farko bai san da mu ba, haka na biyu.
Na uku ne, wani tsoho marar hoto,
ya ce iskar kan tudu ba ta da nauyi,
ba ta danne ruwa sosai,
sai ya samu hanya ya tashi da wuri.
Ashe wanda ya rubuta ɗari
yana jin ƙarar teku ta tagarsa,
bai zaci darasinsa zai hau dutse
har inda numfashi ke yi wa baƙo rowa ba.

Ban goge ɗarin ba.
Da safe na rubuta gefensa: a bakin teku.
Ƙarƙashi kuma: a nan, tamanin da bakwai,
Nélida da Wilber suka auna,
gwaggon Eusebio ta shaida.

Nélida ta karanta, ta leƙa taga,
inda Kunurana ke zaune da farar hularsa.
To a can sama fa, Malama?

Ban sani ba, na ce,
ban kuma taɓa wayar ba.
Asabar za mu hau iya inda ƙafa ta kai.
Masu cuku sun ƙara mana mako guda.
Saura Doña Basilia,
wadda ta ce tukunyarta ba ta hawan dutse.