Ɗaki Na Tara

Ƙarfe ɗayan dare a Aberdeen.
Gidan tsofaffi ya yi tsit, sai numfashin inji.
Ma'aunin sanyi a jikin taga
ya gangara taku huɗu ƙasa da sifili,
saƙon ɗana Mudassir kuwa na zaune a wayata
tun magariba, ya ƙi tashi:

"Mama, ragin uku sau ragin biyu,
malamarmu ta ce shida ne, cikakku, babu ragi.
Yaya rashi zai gamu da rashi
su haifi samu?"

A Gusau na yi makaranta.
Na sha dorina a kan bakwai sau takwas,
amma ba wanda ya taɓa ba ni dalili.
Aka ce haddace, na haddace,
kamar ɗan dako da buhun da bai san cikinsa ba.

Bashi kam, na san shi farin sani.
Fam ashirin a ƙasa, wata uku a jere,
sittin ne a ƙasa, banki ba ya mantuwa.
Ko an raba ramin nan gida uku
kowane kaso rami ne, ba ya zama tudu.
Wannan ko cikin barci zan lissafa.
Ɗayan ne ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Sai ƙararrawar ɗaki na tara.
Mista Dalgarno, shekara tamanin da bakwai.
Jiya 'yarsa ta kawo masa furanni
ya tambaye ta ko ita ce mai wanki.
Takardarsa ta ce ya riƙe alli shekara talatin.

Na gyara masa bargo, na ba shi ruwa,
ban san me ya kai bakina ba, na yi masa tambayar.

Idonsa ya kama, kamar an kawo wuta.
"Tashe ni," in ji shi.

Muka fita baranda, hannunsa a kafaɗata,
silifas ɗinsa na shara a ƙasa.
"Wannan layin tayil, shi ne sifili.
Wajen taga samu, wajen kicin rashi.
Ragin farko ya ce, juya.
Na biyu ya ce, ja da baya."

Ya ba wa taga ƙeya.
Ya ja ƙafa, tayil biyu. Gabana ya faɗi.
Ya sake. Na riƙe ɗamarar rigarsa tamau.
Ya sake,
sai ga bayansa jingine da gilashi mai sanyi.

"Ƙirga."
Na ƙirga. Shida.
Kicin muke kallo, ga mu a taga.

"Rabawa fa?" na ce, don kwaɗayi ya kama ni.
"Hanyar ce dai, yarinya, tambayar ce ta sake riga.
Kin isa shida da takun baya bibbiyu.
Taku nawa? Ina kika sa fuska?"
"Uku," na ce, "fuska a juye."
Ya ɗaga yatsa kamar zai ba ni maki,
sai hamma ta riga shi.

Da asuba na kai masa shayi da madara.
Ya dube ni sama da ƙasa, cikin ladabi:
"Ke sabuwa ce a nan?"
Na ce e. Na hura masa shayin.

Bas ta farko, babu kowa sai ni da direba,
ƙanƙara ta yi wa titi farin gashi.
A gida zan ture tebur gefe,
in tsayar da Mudassir a tsakiyar kicin
kafin ya sa takalmin makaranta,
in ce juya, in ce ja da baya.

Na kife goshi a gilashin bas.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
fuskata na kallon gida,
ƙafata na tafiya inda ba na gani.
Ban taɓa sunkuyawa na ƙirga tayil ɗin ba.