Daƙiƙa Huɗu

A takarda Rhodri ya zana rana,
gida goma sha biyu, kowanne da haske.
Ranar ɗauka Swansea ta tashi
da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Carys na motsa baki, waƙa na gaba,
ita a baya kamar mai bin bashi.
Batirin kyamara ya mutu a ɗauka ta tara.
Muka ci soyayyen dankali a tashar bas.

Malama Pugh ta ce Juma'a, ba ƙari.

Daren Alhamis ina yanka ina haɗawa,
sai ga daƙiƙa huɗu da ba wanda ya tsara:
iska ta juye lema, Carys na dariya,
teku a bayanta toka-toka.

Da su na buɗe.
Ranar Rhodri na jakata, a jiƙe.