Arzika da Sauran Talatin da Shida

Ni tafinta ne. Aikina
in ɗauki magana daga bakin yaro
in kai ta gaban alƙali ba tare da ta zube ba.

Da sassafe na baro Nima,
na sauka mota inda ake jin ƙarnin teku.
Na same shi a benci
cikin rigar wani, hannun rigar ya haɗiye yatsunsa.
Lauya Ajele ta buɗe fayil, ta nuna masa da biro:
ga sunanka a sama,
Arzika, da sauran talatin da shida.

Ya ce, su wane ne sauran?
Na ce, yara irinka da suka tsallako ba babba a tare.
Wasu na Kumasi, wata na kwance asibiti.
Ya ce, biyar kaɗai na sani.
Na ce, doka ta yarda mutum guda ya tsaya wa taro.
Ya daɗe yana kallon siminti.
Ya ce, ƙanwata kaɗai na taɓa goyawa,
ita ma ban iso da ita ba.

Ban fassara wannan ba. Ba wanda ya tambaya.

Lauyan gwamnati yana son takardar haihuwa.
Arzika ya ce an haife shi shekarar da rijiyar garinsu ta rufta da jaki.
Na juya ta Turanci, ta fito kamar almara,
wani a baya ya yi dariya.
An ɗauki hoton ƙashin hannunsa.
Ƙashin ya ce sha biyar, ko kuwa sha takwas.
Shi ƙashi ba a rantsar da shi.

Aka ce ya bayyana tsoronsa dalla-dalla, da kwanan wata.
Ya ce babura ne.
Ya ce ranar kasuwa ce.
Ya juya ƙugun wandonsa, inda uwarsa ta rubuta lambar kawunsa,
wanki ya cinye biyun ƙarshe.
Har yau yana gwadawa a wayar mutane, bibbiyu, bibbiyu.

Alƙali ya ɗage zama zuwa bayan damina.
Ajele ta yi lissafi a bayan fayil, ta cije leɓe:
kafin ranar, uku za su cika sha takwas,
su faɗo daga cikin kalmar yara.

A bakin titi wata na sayar da shinkafa a ganye,
ana ce mata, zuba wace.
Ya ce, wake suke nufi?
Na ce, shi ne. Kakanninmu suka shigo da kalmar,
ta zauna, ba wanda ya nemi takardarta.

Ya ci rabi. Ya naɗe saura don biyar ɗin da ya sani.
Muna jiran mota ya ja min riga:
Malam, talatin da ɗayan fa,
tunda ni ne su,
wa zan tambaya ko sun ci?