Linzami

Shekarata sittin da uku, arba'in daga ciki a kan ruwa,
ina ƙetarar da mutane da buhunan dankali
daga Quemchi zuwa tsibirin Caucahué,
amma ban taɓa faɗin sunana daidai ba.
Eleodoro. Ra ɗin nan ta ƙarshe
takan suɓuce mini kamar tarwaɗa a hannun yaro.
Malaminmu ya ce lalaci ne. Na yarda.
Na koyi nuni da haɓa, na koyi amsa da gira,
har gari ya sa mini suna mai zurfin ciki.

Sai 'yata Herminia ta haihu cikin ruwan Yuli.
Jaririyar ta kama nono ta saki, ta kama ta saki,
kwana tara tana ramewa a idonmu,
uwar na cije leɓe, kan nononta duk ya tsage.
Muka shiga motar safe zuwa asibitin Ancud.

Likita Oyarzún ta sa yatsu biyu ta ɗaga ɗan harshen.
Ta ce, "Linzami ne. Ga shi nan,
siriri kamar zaren ƙugiya."
Almakashi ya ce ƙit.
Ɗigon jini a kan auduga, tsala ihu sau ɗaya,
sai ɗakin ya cika da sautin haɗiya.

Na buɗe baki zan yi godiya, ra ta tona mini asiri.
Likita ta juyo. "Baba, taɓa ganɗarka da harshe."
Ya tashi rabi ya tsaya,
tsininsa ya lotsa kamar kofaton akuya.
Ta ce, "To, ga inda yarinya ta gado."

Nawa ya tsufa tare da ni,
ya yi kauri kamar igiyar ɗaure jirgi.
Sai da allura, sai da wuƙa, sai da ɗinki huɗu.
Ina kwance ina kallon fitila,
ina jin ana kwance wani ƙulli
da aka ɗaura tun kafin a raɗa mini suna.

Mako guda ina shan romo mai sanyi.
Kullum safe gaban madubi: sama, ƙasa, hagu, dama,
tsoho da furfura yana yi wa kansa gwalo.

Kada in yi muku ƙarya, ra ba ta zo ba.
Akuyar da ta daɗe a turke,
ko ka kwance ta, da'irar nan take zagayawa.
Abin da ya fara zuwa gishiri ne:
ina tsakiyar mashigi, ruwa ya fantsamo,
harshena ya fita da kansa ya lashi gashin bakina.
Ashe haka teku take a leɓen sama.
Fasinjoji suka ga ina dariya ni kaɗai.

Ranar Lahadi na hau tudu wajen Rosaura.
Shekara talatin da huɗu muna tare
ina kiranta da rabin sunanta,
tana amsawa tun daga bayan gida.
Na cire hula, na share ganyen da ke kan dutsen.
Na gwada. Iska kawai.
Na sake. Iska da yawu.
A karo na bakwai harshen ya karkaɗa,
rrr, kamar injin jirgina da asubar sanyi,
ya kama, ya yi gudu kaɗan, ya mutu.

Na tsaya ina sauraro.
Sunan ya fita sumul, kamar daga bakin baƙo,
kamar mai karɓar haraji ne ya zo nemanta.
Sai na sunkuya kusa da ƙasa
na sake kiranta yadda ta saba,
don ta san ko wane ne.